Outlook ya ƙi karɓar kalmar sirrin Gmail a kwamfutar biro

Sanusi Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakon masana. Kwamfutar tebur ce, Windows 10 na faransanci, da Outlook 2010 a ciki. Ana son a saka adireshi biyu, ɗaya na Gmail, ɗaya na yahoo.fr, don sakatare ya riƙa karanta wasiƙu ba sai ya buɗe Chrome ba. Kalmar sirrin daidai take, tana shiga a waya. Amma Outlook sai ya yi ta fito da ɗan akwatin nan yana tambayarta, a rubuta, ya sake tambaya. Me ake yi?

Lawali Birni:
Wa alaikumus salam Malam Sanusi. Kalmar sirrin lafiyarta lau, kada ku canza ta. Google ne ya rufe wannan ƙofa tun 30 ga Mayu 2022. Daga ranar, manhajar da ke aika suna da kalmar sirri kai tsaye ba ta shiga Gmail. Yahoo ma ya yi haka tun 2020, Microsoft kuma ya bi sahu da Hotmail da Outlook.com ranar 16 ga Satumba 2024. Abin da suke so yanzu shi ne OAuth2: manhajar ta buɗe maka shafin Google ɗin kansa, ka shiga a can, shi kuma ya ba ta wata shaida ta riƙe. Outlook 2010 bai san wannan hanya ba, an yi shi kafin zuwanta, kuma Microsoft ya daina gyara shi tun Oktoba 2020.

Hanya biyu ce a gabanku. Ko ku ciro kalmar sirri ta musamman don manhaja, ko ku saka Thunderbird, wata manhajar imel irin Outlook. Ni ta biyun nake ba ku shawara, kyauta ce, akwai ta da faransanci, kuma ta san OAuth2.

Mutari Sabon Gari:
In sun nace da Outlook ɗin, ga yadda ta farkon take. Sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun Google tukuna, in ba haka ba shafin ma ba ya bayyana. Daga nan a shiga myaccount.google.com/apppasswords, a rubuta suna kamar "kwamfutar biro", zai ba da haruffa 16. Su ake sakawa a Outlook a gurbin kalmar sirri. Sau ɗaya yake nuna su, a kwafe nan take. Kuma duk ranar da aka canza babbar kalmar sirrin asusun, waɗannan haruffa sun mutu, sai an ciro sabbi. Mutane da yawa nan suke ruɗewa, su ce Outlook ya lalace.

Saitin Gmail: saba (injin da ke karɓa da aika wasiƙu) mai shigowa imap.gmail.com, ƙofa 993, SSL. Mai fita smtp.gmail.com, ƙofa 465 da SSL, ko 587 da abin da Outlook 2010 ke kira TLS. Sunan shiga cikakken adireshi ne har da @gmail.com. Sai a shiga Paramètres supplémentaires, shafin Serveur sortant, a sa alama a layin da ke cewa saba mai fita yana buƙatar tantancewa. Wanda ya manta wannan alama, wasiƙu za su shigo amma ko ɗaya ba za ta fita ba.

Na Yahoo: imap.mail.yahoo.com a 993, smtp.mail.yahoo.com a 465. Ko adireshin .fr ne waɗannan sabobin na .com suna aiki. Kalmarsa ta manhaja ana ciro ta a Sécurité du compte.

Malama Zuwaira:
Kafin a yi nisa, Malam Sanusi ka dubi kilabiye. Kwamfutocin da ke shigowa ta Kano maɓallansu QWERTY ne, a ɗora musu Windows na faransanci da ke ɗaukar su a matsayin AZERTY. Ka danna A ya fito Q, ka danna 1 ya fito &, domin a AZERTY lambobin sama sai an haɗa da Shift. Alamar @ kuma AltGr da 0 ce, maimakon Shift da 2. A gurbin kalmar sirri ɗigo-ɗigo kawai kake gani, ba za ka lura ba. Buɗe Bloc-notes ka rubuta ta a fili sau ɗaya ka ga abin da ke fitowa, sannan ka goge.

Sanusi Garin Malam:
Na gode Malama, na gwada, kilabiyen daidai yake. Mun yanke shawarar Thunderbird. Malam Lawali a taimaka da matakan.

Lawali Birni:
A sauko da shi daga thunderbird.net kawai, kada a karɓa daga shafukan da ke tara manhajoji. Fayil ɗin da ka sauko cikakke ne, ka ajiye a kile na USB, zai saku a wasu kwamfutocin ba tare da an sake cin forfe na intanet ba. Mai Windows 7 ko 8 ya sani cewa sigar 115 ce ta ƙarshe da ke tafiya a kansu, daga 128 zuwa sama sai Windows 10.

Da ka buɗe zai nemi suna, adireshi da kalmar sirri. Sunan shi ne wanda masu karɓar wasiƙa za su gani, don haka a rubuta sunan ofishin yadda ya kamata, ba laƙabin sakatare ba. Danna Continuer. Zai nemo saitin Gmail da kansa daga rumbun Mozilla, ya nuna maka IMAP da POP3 (ko POP), hanyoyi biyu na karɓo wasiƙu daga saba. Zaɓi IMAP, danna Terminé. Taga za ta buɗe da shafin Google, ka shiga da kalmar sirrinka ta kullum, ka tabbatar a waya in ya nema, ka danna Autoriser. Shi ke nan. Fasalin allon yana ɗan bambanta daga siga zuwa siga, amma tambayoyin ɗaya ne. Yahoo ma haka za ka bi.

In tagar Google ta fito fara fat ko ta yi ta maimaita kanta, shiga Paramètres, Vie privée et sécurité, ka tabbata an yarda da kukis, ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a kwamfuta. Ba tare da su ba OAuth2 ba ya kammaluwa. Abu na biyu ya fi shafar ɗaliban kwamfuta na jami'ar André Salifou da masu koyon gina shafuka: in WAMP ko XAMPP, manhajojin da ke mai da kwamfuta saba, na kunne, a kashe shi kafin a fara, saboda Google yana mayar da amsar ne zuwa localhost, wato kwamfutar kanta, sai sabar da ke kunne ta tare ta.

Ba sai ka je saitin Gmail kunna IMAP ba. Tun Janairu 2025 a kunne yake koyaushe, maɓallin ma an cire shi.

Alhaji Mamman Zango:
Lawali, ban yarda da "zaɓi IMAP" haka kai tsaye ba. Shawarar mutanen da rezo ba ya yanke musu ce. A Damagaram ana iya wuni rezo yana zuwa yana komawa, kuran ma haka. POP yana kwaso wasiƙa sau ɗaya ya ajiye a faifan kwamfuta, ta zama taka. IMAP kuwa kullum yana waiwayen saba, yana daidaita wannan jaka da waccan, forfe yana tafiya. Kuma Gmail giga 15 ne kawai kyauta, a haɗe da Drive da hotuna. In ya cika wasiƙu sun daina shigowa. Da POP kana kwashewa kana share na can, akwatin ba ya cika. Saitinsa pop.gmail.com, ƙofa 995, SSL/TLS.

Malama Zuwaira:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganar forfe gaskiya ce, amma akwai gyara. Thunderbird a IMAP ma yana ajiye kwafin wasiƙu a faifai, ana karanta su ko babu rezo. Bambancin yana wani wuri. Malam Sanusi ya ce ana duba adireshin nan a waya. Da POP, amsar da sakatare ya rubuta tana zaune a kwamfutarsa, jakunkunan da ya tsara ma haka, wanda ya karanta bai nuna an karanta a waya ba. A Yahoo da adireshin kamfani, shugaba zai buɗe waya bai ga abin da aka aika da sunansa ba. Sannan ka dubi inda ka ajiye amanar: faifai guda, a cikin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, a injin da kuran ke yanke masa yana tsakiyar rubutu. Ran da faifan ya fara ƙaras-ƙaras, wasiƙun shekaru sun tafi, kuma ka riga ka share na saba.

Alhaji Mamman Zango:
Ai ba dole ne a share ba, ƴata. A Paramètres serveur akwai Laisser les messages sur le serveur. Thunderbird yana zuwa da kwana 14, sai a cire iyakar.

Malama Zuwaira:
To in ba a share ba, Alhaji, hujjar cikar akwati ta faɗi ke nan. Kuma a Gmail wannan alamar ba ita ke da iko ba. Gmail yana bin abin da aka zaɓa a saitinsa na POP a shafin intanet, ko ya riƙe kwafi, ko ya adana, ko ya share. Haka kuma in kwamfuta biyu suna jan adireshi ɗaya ta POP, wadda ta riga ita ke ɗauka, ɗayar ba ta gani, sai in an rubuta recent: a gaban adireshin a gurbin sunan shiga, wanda ke ba kowace wasiƙun kwana 30 na ƙarshe.

Mutari Sabon Gari:
Bari in shiga tsakani, don abin da Alhaji ke tsoro yana faruwa da gaske, sai dai a ranar farko ne. Adireshin da ya shekara goma, mutum ya saka shi a IMAP ta intanet ɗin da ya raba daga waya, Thunderbird zai fara kwaso komai da komai har takardun da aka maƙala, forfe ya ƙare kafin la'asar. Maganinsa a yi saitin nan da an gama saka asusun, tun bai yi nisa ba.

Paramètres des comptes, sannan Synchronisation et espace disque. A can akwai zaɓin daidaita kwanakin baya-bayan nan kawai, a sa 30 ko 90 gwargwadon aikin ofishin. A ƙasansa akwai layin hana sauke wasiƙar da ta wuce wani girma, yana zuwa da kilo 50. A sa masa alama, a ɗaga shi zuwa 200 ko 300 don wasiƙun rubutu su wuce. Babba kuma takenta kawai zai nuna, sai ka buɗe ta sannan ta sauko. Kenan kai ke zaɓar abin da zai ci kuɗinka.

Sai babban ɓarawon forfe, jakar Tous les messages. Gmail ba shi da jakunkuna na gaske, lakabi yake liƙa wa wasiƙa, kuma kowace wasiƙa tana cikin Tous les messages. Thunderbird yana kallon kowane lakabi a matsayin jaka, don haka wasiƙa ɗaya tana iya saukowa sau biyu ko uku. Danna Avancé a wannan shafin ka cire alamar saukewa daga Tous les messages, da Important, da Spam, da Corbeille. Wanda ke son ya ƙara tsukewa ya shiga saitin Gmail a Chrome, wajen IMAP akwai iyakar yawan wasiƙu a kowace jaka, daga 1000 zuwa 10000. Sa 1000, tsofaffin suna nan a Gmail, ba su dai saukowa.

Na ƙarshe, duba sababbin wasiƙu yana zuwa a kowane minti 10. Wannan ba ya cin komai sosai, a bar shi.

Alhaji Mamman Zango:
Da wannan saitin na Mutari na yarda, ga Gmail da Yahoo. Amma ina nan kan bakana a wuri ɗaya: ƙungiyoyi da ƴan kasuwa masu adireshin kansu, na .ne ko .org, da mai masaukin shafi ya ba kowane akwati ɗan wuri kaɗan. Takardun aiki masu hoto su cika shi cikin wata biyu, masu aikowa su riƙa samun amsar cewa akwati ya cika, mai shi bai ma sani ba.

Lawali Birni:
Nan kana da gaskiya Alhaji, ko da yake IMAP ma yana da mafita. A ɓangaren hagu na Thunderbird akwai Dossiers locaux. Duk abin da ka ja ka kai can ya bar saba ya koma faifai. A ƙirƙiri jaka ta kowace shekara, ƙarshen wata a kwashe tsofaffi. Sai dai daga lokacin kwafi ɗaya ne tal a duniya, ajiyarsa ta hau kanka.

Tunda an taɓo adireshin kamfani: a nan Thunderbird sau da yawa ba ya gano saitin, ko ya yi hasashe ya kuskure. A danna Configuration manuelle a cika da hannu daga abin da mai masaukin ya bayar, a cPanel, shafin sarrafa masaukin, yana ƙarƙashin asusun imel. Shigowa 993 da SSL/TLS, fita 465 da SSL/TLS ko 587 da STARTTLS, tantancewa Mot de passe normal. Kada a cakuɗa: 465 da STARTTLS ba ya tafiya, 587 da SSL/TLS ma haka, zai tsaya yana jira har ya gaji. Ƙofa 25 a manta da ita, ta tsakanin saba da saba ce, kuma kamfanonin sadarwa da yawa sun toshe ta saboda wasiƙun banza. Sunan shiga cikakken adireshi, Thunderbird yakan yanke shi ya bar abin da ke gaban @ kawai.

In komai ya tafi amma Gmail yana dawo da wasiƙunku ko yana jefa su Spam, ba laifin Thunderbird ba ne. Tun Fabrairu 2024 Google yana neman kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM a sunan shafinsa, wato shaidar cewa wasiƙar daga gare shi take. Mai kula da masaukin ne zai gyara.

Sanusi Garin Malam:
Na saka Thunderbird. Jiya da yamma Gmail ya shiga lafiya. Yau da safe an kunna inji, ya fito da gargaɗin cewa takardar shaidar saba ba ta da inganci, yana tambaya ko a ƙara keɓancewa, wato a amince da ita duk da haka. In danna Confirmer?

Mutari Sabon Gari:
Kada ka danna! Dubi kusurwar dama ta ƙasa ka gaya mana kwanan wata.

Sanusi Garin Malam:
Ya nuna 1 ga Janairu, shekarar ma ta baya can ce.

Mutari Sabon Gari:
To pil ɗin allon uwa ne ya mutu, ɗan batirin da ke riƙe agogo a babban allon cikin inji. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogon inji ya koma baya, sai ya ga takardar Google kamar ba ta fara aiki ba, ya ƙi ta. Jiya wani ya gyara agogon ko Windows ya daidaita shi, da dare aka cire wuta, ya manta. Tsofaffin injinan da ake sayowa na hannu kusan duk da wannan ciwon suke zuwa.

Kashe injin, zare wayar wuta daga bango, buɗe murfin gefe. A kan allon za ka ga ɗan farin ƙarfe zagayayye kamar kwabo, an rubuta CR2032 a kansa, volt 3 ne. Akwai ɗan harshen ƙarfe a gefen mazauninsa, ka tura shi da farce, pil ɗin zai ɗago. Masu gyaran agogo da masu sayar da kayan waya a kasuwar Dole suna da shi. Sabon ya shiga gefen da ke da alamar + yana kallon sama. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allon, musamman lokacin sanyi da iska ta bushe. Bayan nan gyara rana da lokaci, yankin lokaci UTC+01:00 Afrique centrale - Ouest. Kada a zaɓi na Paris, suna ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin wasiƙunku zai riƙa karkacewa.

Malama Zuwaira:
In agogo daidai yake kuma gargaɗin bai tafi ba, abu biyu ake dubawa. Wasu manhajojin kashe ƙwayar cuta irin su Avast da Kaspersky suna shiga tsakanin Thunderbird da saba su gabatar da takardarsu, a kashe sashen binciken imel a gwada. Ga adireshin kamfani kuma, takardar na iya kasancewa da sunan sabar mai masauki, kai kuma ka rubuta mail. da sunan shafinku. Duba sunan da ke cikin takardar ka sa shi a gurbin saba. Ga Gmail da Yahoo babu dalilin ƙara keɓancewa ko kaɗan.

Nana Hadiza:
Tambaya a kan aikawa, Yaya Lawali. Wasiƙa mai takarda babba takan tsaya a rabi ta ce lokaci ya ƙare.

Lawali Birni:
Iyakar Gmail mega 25 ce, amma imel yana mayar da fayil rubutu kafin ya aika, girman ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Don haka fayil da ya kusa iyakar ko ya wuce ta kada ki sa rai. A sa shi a Drive a aika mahaɗin. Takardun da aka ɗauka da sikana su ne masu kumbura, a ɗauke su a 150 ko 200 dpi, baƙi da fari in babu hatimi mai launi.

In fayil ɗin ƙarami ne rezo ne ke jan ƙafa, Thunderbird yana jiran daƙiƙa 100 ne kafin ya haƙura. A Paramètres, Général, can ƙasa akwai Éditeur de configuration, nemi mailnews.tcptimeout ki mai da shi 300. Kuma akwai dabarar da ta dace da mu: rubuta wasiƙu ba rezo, ki danna Ctrl da Shift da Entrée, su taru a Messages en attente, in rezo ya dawo ki aika su gaba ɗaya daga Fichier.

Alhaji Mamman Zango:
A ƙara da maganar ajiya, ko POP ko IMAP. Danna maɓallin Windows da R, rubuta %APPDATA%, za ka ga jakar Thunderbird. Rufe manhajar tukuna, sannan ka kwafe jakar dungurungum zuwa faifan waje. Asusu, wasiƙu, adireshin mutane, duk suna ciki. Kile mai FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, kuma Thunderbird yana tara kowace jakar wasiƙu a fayil ɗaya ne, to a mai da kilen exFAT ko NTFS. In kuran ya yanke aka tashi aka ga wasiƙu sun ɓace ko kan wata yana buɗe jikin wata, kada a firgita, yawanci fihirisa ce ta ɓaci. Danna dama a kan jakar, Propriétés, Réparer le dossier. Kuma kada a yarda da tambayar Compacter sai injin yana kan ondila mai riƙe wuta in kuran ya yanke, don lokacin yake sake rubuta fayil ɗin.

Malama Zuwaira:
Abu ɗaya da nake roƙo a kula da shi: injin da mutum fiye da ɗaya ke taɓawa. Mot de passe principal na Thunderbird yana kulle kalmomin sirrin da aka ajiye ne kawai, wasiƙun da suka riga suka sauko duk wanda ya zauna zai karanta. A buɗe wa sakatare asusun Windows nasa mai kalmar sirri, ya riƙa danna Windows da L in zai tashi salla. A gaya masa kuma cewa a IMAP abin da ya share a nan ya sharu a wayar shugaba, Gmail kuma yana zubar da kwandon shara bayan kwana 30.

Sanusi Garin Malam:
An canza pil, agogo ya tsaya daidai ko an cire wuta, gargaɗin ya tafi. Yahoo ma ya shiga ta tagarsa. Na sa kwana 90 da kilo 300 kamar yadda Malam Mutari ya ce. Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: kowace wasiƙa da aka aika ta Gmail tana fitowa sau biyu a Messages envoyés.

Mutari Sabon Gari:
Amin. Gmail yana ajiye kwafin duk abin da ya bi ta smtp.gmail.com da kansa, Thunderbird kuma yana ƙara nasa. Paramètres des comptes, Copies et dossiers na asusun Gmail ɗin, cire alamar Placer une copie dans. A asusun Gmail kaɗai za ka cire. Na Yahoo ka aika wa kanka gwaji ɗaya ka ƙirga tukuna, in ɗaya ta fito ka bar alamarsa yadda take.